Ranar da Mai Eriya Ya Juya Mana Alƙibla

Masu karatu, ku yi mini uzuri, na kwana biyu ban leƙo ku ba. Masu turo saƙo suna cewa, "Auta, ko an ɗaura ne ba ki gayyace mu ba?" Ina fa! Wanda ya ga idona a makonnin nan ba zai yi mini zancen biki ba, sai dai ya miƙo mini matashi. Yanzu ma da nake rubutun nan ƙafafuna suna cikin ruwan ɗumi, waya tana hannun hagu, don wuyan hannuna na dama akwai ƙunar dutsen guga. Za ku ji yadda aka yi.

Ga waɗanda yau suka fara bina: mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya, shi yana wani gari da iyalinsa. Umma ta rasu. Baba kafinta ne, ko in ce da can kafinta ne, kafin ciwo ya shanye masa ɓarin hagu. Muna zaune a sama, ɗaki biyu da ɗan kicin, a wani bene da matakalarsa take juyawa da mutum har ya manta ta inda ya shigo. Tagar ɗakin Baba bangon maƙwabta take kallo, rana ba ta taɓa shigo mana ko gaisuwa ba. Ni kuma ina aiki a shagon wanki da guga da ke ƙarshen layinmu. Kusancinsa ya sa na zaɓe shi: da an kira salla sai in jingine dutsen guga in ruga gida.

Dalili kuwa, Baba ba ya iya alwala shi kaɗai. Niyya tasa ce, kurkurar baki da wanke fuska yana yi da hannun dama, to amma wa zai wanke masa hannun daman? Na hagun yana kwance a cinyarsa kamar aro aka ba shi. Sai in durƙusa da buta da baho, in wanke masa hannaye har gwiwa, in tallafa masa ya shafi kai da kunnuwa, sannan a zo kan ƙafafu. A nan ake yin ta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duba katako da ido ɗaya a rufe, ba ki isa ki tsallake masa tsakanin yatsu ba.

"Auta, ƙaramin yatsan bai ji ruwa ba."

"Baba, ƙafar da ba ta ji ce fa. Ta ina ka sani?"

"Ni ba na ji, Mai ita yana gani. Sake."

In an gama sai in ja kujerarsa in saita ta gaban durowa. Durowar nan shi ya yi wa Umma ita da hannunsa shekarar da suka yi aure, ƙatuwa mai ƙofa uku, ta cinye bango guda. Har yau hijabin sallar Umma yana rataye a gefenta, kuma nan take shimfiɗa dadduma tun ranar da muka tare a gidan. Da Baba yana da lafiya masallaci yake zuwa; da ya kwanta, sai ya gaji wurinta. A zaune yake salla, ni kuma ina bayansa ina ƙirga masa, don tun da ciwon ya same shi lissafin raka'a yake kuɓuce masa. In zai sallame bai cika ba, sai in tafa cinyata, ya gane.

Tawa sallar kuwa, kada ku tambaye ni. Ina yin ta, ban taɓa bari ba. Amma kunnena ɗaya yana wajen tarin Baba, ɗaya yana wajen mai shago. Rabon da in yi sujada in ji goshina ya huta a ƙasa, tun Umma tana da rai. Na faɗa muku ne don ku ba ku san fuskata ba.

A haka dangi suka sa ni a tsakiya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta iya rubutu a waya ba, saƙon murya take turowa, dogo kamar huɗuba:

"Ke Auta, wai sai yaushe? Sa'o'inki sun kusa fara aurar da nasu 'ya'yan, ke kina nan kina goge rigunan mazan wasu. In kika bari wannan ma ya kuɓuce, wallahi babu ruwana."

Ba ruwanta, amma gobe za ta sake turowa. Shi kuma Yaya nasa a rubuce yake zuwa, gajere, da ladabi:

"Auta, a ɗan jinkirta zancen auren nan tukuna. Baba bai saba da hannun kowa ba sai naki. Ladanki yana wurin Allah."

Sai ya liƙa hoton hannaye biyu a ɗage. Ni dai ban taɓa ganin hannun da ke cikin waya ya ɗauki baho ya kai banɗaki ba.

"Wannan" ɗin da Gwaggo take nufi shi ne Mai Eriya. Aikinsa hawa rufin mutane yana ɗaura musu eriya da faifan tauraron ɗan'adam. Dogo ne, rana ta gasa masa wuya, in yana tafiya rabin hankalinsa yana sama. A shagonmu muka haɗu, ya kawo wandunan da tsatsa ta ɓata. Yana jiran in karɓa sai ya miƙa hannu ya gyara kalandar da ta karkace a bango, ba wanda ya sa shi. Mai shago ta ce, "Malam, ita ma kuɗin wanki za ka biya mata?" Ya yi murmushi ya ce idonsa ne ba ya iya zama da abu a karkace. Da na san inda wannan hali zai kai mu, da tun ranar na ce masa ba ma karɓar wando.

Kullum da safe saƙonsa yake riga kowa:

"Ranki ya daɗe, an yi salla?"

"An yi biyu, ta Baba da tawa."

"To ni ɗaya tak na yi. Kin fi ni, a sa ni a addu'a."

Mutum ne mai sauƙi, ba ya cika baki, bai taɓa ce mini zai saya mini duniya ba. Abu ɗaya ya rage tsakaninmu: ya zo ya gaida Baba, Baba ya ce masa ya turo magabatansa. Kalma biyu ce kawai, "ka turo," amma rayuwata gaba ɗaya a kanta take rataye.

Ranar da zai zo, Gwaggo tun hantsi ta iso. Ta canza zanen gado, ta fesa turare har Baba ya yi atishawa, ta tura baho da kwalaben magani ƙarƙashin gado.

"Kada ya ga kayan jinya ya tsorata," in ji ta.

"Gwaggo, ai mai jinyar zai gani."

"Shi wannan ba ya ɓoyuwa, da na ɓoye shi."

Baba ya ce, "Ina jinki."

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a bakin hannu, wadda na goge da kaina har sai da ta iya tsayuwa ita kaɗai, na yafa baƙin mayafi, na zizara kwalli. Shi kuma ya shigo da farar riga da na gane karin gugarta, don daga hannuna ta fita, da ledar lemo da ayaba. Ya durƙusa har ƙasa. Baba ya dube shi sama da ƙasa, irin duban da yake wa katako kafin ya saya.

"Kai ne mai hawa rufin mutane?"

"Ni ne, Baba."

"Tsaninka na ƙarfe ne ko na katako?"

"Na ƙarfe."

"Shi ya sa kuke faɗowa."

Suka yi dariya. Dariyar Baba rabin baki ce yanzu, amma na daɗe ban ji ta ba, sai da na juya kicin na share ido. Hira ta yi daɗi, daga guduma aka koma zarto, daga zarto aka koma yaran zamani da ba sa son koyon sana'a. Gwaggo tana ta zungurina da gwiwar hannu.

Sai aka kira la'asar. Mai Eriya ya miƙe zai sauka masallaci, Baba ya ɗaga hannu.

"Zauna. Ka ja ni a nan. Rabona da jam'i tun ina da ƙafa biyu."

Jama'a, in tsoho ya ce wa saurayin 'yarsa ya ja shi salla, ai magana ta ƙare. Gwaggo har ta fara motsa baki tana lissafin wa da wa za ta kira. Na jawo bahon da ta ɓoye, na yi wa Baba alwala, na saita kujerarsa gaban durowa, na shimfiɗa wa baƙo dadduma. Ya tsaya a kai. Ya ɗaga hannaye zai yi kabbara, sai ya sauke. Ya dubi taga, ya dubi ƙofa, ya dubi silin. Na san kallon nan. Kallon kalanda ne.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan kamfas ɗin ƙarfen da yake aiki da shi, ya ɗora a tafin hannu.

"Baba, a gafarce ni. Nan kuke kallo kullum?"

"Nan."

"Alƙibla ba nan take ba. Tana wajen kusurwar tagar can. Na yi aiki a saman benen nan, na yi salla a kan rufinsa, masallacin layinku ma can yake kallo. Matakalar ce take juya mutum."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kai yaro! Salla aka ce ka ja, ba sigina aka ce ka nemo ba!"

Baba bai kula ta ba. Ya ce, a hankali, "Karkacewar kaɗan ce?"

Na zuba masa ido ina roƙonsa da duk abin da ido yake iya roƙo. Ya gan ni sarai. Ya sunkuyar da kai.

"Ba kaɗan ba ce, Baba. Kafaɗa kuke ba ta."

Can Baba ya ce, "Auta, juya ni."

Na juya kujerar. Suka yi salla suna kallon tagar da ba komai bayanta sai bangon siminti. Da aka sallame Baba bai ɗaga hannu ya yi addu'a ba. Ya waiwaya ta kan kafaɗarsa mai rai, ya daɗe yana kallon durowa da hijabin da ke rataye. Sannan ya ce wa baƙon, "Ka gaida gida."

Shi ke nan. Babu "ka turo."

Gwaggo ta raka shi da baki har ƙasan bene. Ina jiyo ta: "Neman aure ka zo ko duba gini? Mutum ya shigo gidan surukai da na'ura a aljihu!"

Washegari bayan asuba na ɗauki baho zan fita, Baba ya ce, "Ajiye. Ba mu gama ba."

"Baba, ai ka sallame."

"Ta yau na sallame. Akwai na baya. Tun ranar da na fara salla a ɗakin nan, duk sai na rama. Da na mahaifiyarki, tun ranar da muka tare har ta koma ga Allah."

Na ce, "Baba, shekaru ne fa."

"To da wa za a bar wa?"

Da Gwaggo ta bugo tana tambayar zancen yaron nan, amsa ɗaya ya ba ta: "In na gama."

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku makonnin da suka biyo ba. Bayan kowace farilla sai ya ɗora wasu, tasa da ta Umma, tasa da ta Umma, har sai wuyansa ya kasa riƙe kansa. Alwalar tsoho marar lafiya kuwa ba ta daɗewa, ku da kuke jinya kun san abin da nake nufi. A sake ɗebo ruwa, a sake durƙusawa, a sake bin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ni ce mai ƙirga raka'a, har na fara tafa cinya a cikin barci. Gwiwoyina suka yi kanta. Hutun azahar da mai shago take ba ni ya daina isa, in koma a makare, ta bi ni da ido, wanda ya fi zagi ciwo.

Na je na roƙi limamin masallacin layinmu ya hau ya yi masa magana. Dattijo ne mai sanyin murya, ya zauna a bakin gado ya yi bayani tiryan-tiryan: wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya fuskanci inda yake zaton alƙibla ce, daga baya ya gane kuskure bayan lokaci ya fita, babu ramuwa a kansa. Mamaci kuma ba a yi masa salla, addu'a da sadaka ake bin sa da su. Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Baba yana ta gyaɗa kai. "Haka ne, Malam. Na gode, Malam. Allah ya ƙara sani."

Liman bai gama sauka daga bene ba ya ce, "Auta, ruwa."

A nan na gane ba fatawa ce ta yi masa ƙaranci ba. Wani abu ne yake cin sa, kuma ba zai faɗa wa 'yar cikinsa ba.

Yaya ya turo: "Na ji abin da Baba yake yi. Ma sha Allah, ƙarfin imani. A ci gaba da haƙuri." Da hannayen nan biyu. Na kife wayar.

Mai Eriya kuwa kullum sai ya turo gaisuwa, ina gani ina share shi. Ran nan na kasa daurewa na rubuta masa:

"Da ka yi shiru me zai ragu a jikinka?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can ta shigo:

"Da na yi shiru, da na ja mahaifinki salla ina sane ba daidai muke ba, don kawai ya ba ni ke. Kina son mijin da zai iya haka?"

Na rubuta "Eh," na goge. Na rubuta "A'a," na goge. Gaskiya ce ya faɗa, na sani. Amma shi ya faɗi gaskiyarsa ya sauka bene, ni aka bar wa ɗaukarta da buta.

Ranar da abin ya kai maƙura, ina tsaye ina guga barci ya ɗauke ni. Ƙauri ne ya tashe ni. Farar rigar wani mutum ta yi tambarin dutsen guga a gadon baya, garin fizgewa kuma gefen ƙarfen ya lashe mini wuyan hannu. Mai shago ta zo ta ɗaga rigar ta duba, ta dubi hannuna.

"Auta, ni ba rigar ce ta dame ni ba. Wata rana shagon za ki ƙone mini, da ke a ciki."

Da magariba na durƙusa gaban Baba, ruwa yana taɓa ƙunar ina cije leɓe. Ya idar da farilla, ya ɗora biyu, sannan ya ce a sake alwala. Na ɗauki buta, ta kuɓuce, ruwa ya malale har ƙarƙashin durowa. Na zauna daɓas a cikin ruwan.

"Baba, na gaji."

Ban taɓa faɗa ba. Tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti ban taɓa faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ya tashi. Na goge ruwan, na sake cika buta, muka ci gaba. Da na koma ɗakina na danna wa Mai Eriya saƙon murya, ban gaishe shi ba, ban yi bayani ba. Kalmar nan dai na maimaita masa, na kashe wayar.

Washegari aka kawo mana zannuwan gado na wani masauki, tuli guda, ana jira. Aka kira azahar ina tsakiyarsu. Mai shago ta ce, "Ki gama waɗannan, sai ki tafi gaba ɗaya, kada in sake ganinki yau." Ina guga ina hango Baba zaune yana kallon ƙofa. Da na gama na fita da gudu, mayafi a hannu.

Tun daga matakala nake jin bugun guduma. Na tura ƙofa, sai ga Gwaggo a kicin ta miƙe ƙafa tana shan shayi, makullin gidanmu da take riƙewa yana kan cinyarta.

"Ni na buɗe masa," ta ce. "Shiga ki ga ikon Allah."

Durowar Umma tana ƙasa, an wargaza ta gunduwa-gunduwa. Ƙofofin suna jingine da gado, kayan ciki an tara su a kan zane, hijabin an ninke shi an ɗora a cinyar Baba. Mai Eriya yana durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga. Baba kuwa, wallahi sai da na sake dubawa, ya miƙe zaune kamar ba shi ba, yana nuni da sandarsa.

"Ba nan ba! Wa ya ce ka buga nan? Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, haɗi ne. Ɗaga ta sama, za ta fita da kanta. Kai wai da me kuke ɗaura eriyar taku, da addu'a?"

"Da ƙusa, Baba."

"Ai na gani a hannunka."

Na ce, "Me ke faruwa a nan?"

Mai Eriya bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce haƙuri ya zo bayarwa, ya tarar lokaci ya yi ba ni nan, suka yi salla. Sai ya lura Baba ko da ya sallame, wajen durowa wuyansa yake komawa. Shi ne ya ce masa, Baba, alƙibla ba ta matsawa, amma durowa tana matsawa. In aka gicciya ta a kusurwar can, tagar da ba ta kawo rana me aka rasa?

Sai a lokacin na ga hannun rigar Baba a jiƙe, baho a gefe.

"Baba, wa ya yi maka alwala?"

"Wannan. Hannu da kaushi kamar samfefa. Sai da na sa shi ya sake ƙafar hagu." Ya dube ni. "Ke kin yi taki?"

"Yanzu zan yi, in ka..."

"Je ki ɗakinki ki yi. Ki rufe ƙofa. Ko kin ji na faɗo daga kujera, ba da ke ake ba."

Na yi alwala, ni kaɗai, ƙafa biyu kacal na wanke. Na shimfiɗa dadduma ta inda ya kamata, na tayar. Ta bango ina jiyo guduma da faɗan Baba, kuma karon farko a shekaru ba ruwana da su. Da na kai goshina ƙasa sai na ji kamar an sauke mini buhu daga wuya. Na daɗe a sujadar nan. Ban roƙi miji ba, ban roƙi komai ba, kuka kawai na yi. Da na sallame na ce bari in ɗan jingina da gado.

Sanyin yamma ne ya tashe ni. Gidan shiru, babu guduma. Na yi la'asar, na fito a hankali. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofar Baba ta kasa kunne, da ta gan ni ta ɗora yatsa a baki ta matsa mini wuri.

Ta tsagar ƙofa na hango durowar a tsaye a kusurwar taga, cif kamar a nan aka haife ta, hijabin ya koma gefenta. Baba yana gabanta a kujera, Mai Eriya yana zaune a ƙasa. Muryar Baba ta yi ƙasa sosai.

"Ranar da muka tare, ina kan haɗa durowar nan. Ta zo da dadduma a hannu ta ce, Malam, ina ne alƙibla? Fensir yana bakina. Ko waiwayawa ban yi ba, na nuna mata da guduma, na ce can. Ban duba ba. Ni da ba na yanka katako sai na auna sau biyu. Ita kuwa ba ta taɓa tambayar kowa ba bayan ni, har ta mutu."

Mai Eriya ya ce, "Ta tambaya, an gaya mata, ta yi. Liman ya ce sallarta ta yi, Baba. Kai ma ba da gangan ka yi ba. Amma in ramuwar za a ci gaba, ni zan riƙa zuwa azahar da la'asar, in ɗauke wa Auta."

Baba ya girgiza kai.

"A'a. An bari. Jiya na ga hannun yarinyar nan. Ina rama wa wadda ta tafi, ina kashe wadda ta rage." Ya share fuska da hannunsa mai rai. "Addu'a zan yi mata, kamar yadda Malam ya ce. Kai kuma ka turo."

Gwaggo ta damƙe mini hannu, daidai kan ƙunar, na haɗiye ihu.

"Amma ka ji da kyau," in ji Baba. "Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce. Ɗan'uwanta a waya yake zaune. Duk wanda ya ɗauke ta, da ni zai ɗauka, ni kuma da durowar nan ake ɗaukata. In ba za ka iya ba, faɗa mini yanzu tun muna mu biyu, ba zan riƙe ka ba."

Na san inda Mai Eriya yake zaune: gidan mahaifiyarsa, ɗaki biyu, shi ne babba, ƙannensa mata suna nan. Na san kuma wannan mutumin ba ya iya cewa "kaɗan ce" in ba kaɗan ba ce.

Ya miƙe. Na ce shi ke nan, sallama zai yi. Sai ya buɗe jakar aikinsa ya ciro tef ɗin awo, ya kama bakin durowar.

"Baba, riƙe mini nan. In ga ko za ta shiga ƙofarmu, ko sai na cire ƙyauren."

Baba ya danne bakin tef ɗin da babban yatsa, yana gunaguni wai ba daga nan ake fara awo ba. Gwaggo ta saki hannuna ta fara neman wayarta a cikin jaka.

Wata wayar ce ta riga tata. Ta Mai Eriya, tana kan gadon Baba, ta kama haske tana ruri. Daga inda nake tsaye ina iya karanta sunan da ke kai: Mama.

Ya dubi wayar. Ya dubi tsohon da ke riƙe masa tef. Sannan ya ɗago, ya gan ni a tsagar ƙofa, kuma daga yadda ya haɗiyi yawu na gane ko zancen durowa ba ta sani ba, balle na mai durowar.

Baba ya ce, "Ɗauka mana. Uwa ba ta jira. Ni ina riƙe."